A * B a NumPy ninkin matiris ne ko a'a?

Laminu: Salamu alaikum ƴan uwa. Ni dai na tsaya a kan maganata, in ka rubuta A * B da array biyu (jerin lambobi) a NumPy, kayan lissafi na yaren kwamfuta Python, ninkin matiris yake yi, layi ya ci ginshiƙi, haka mushe ya koya mana a jami'ar André Salifou

Hadiza: Wa alaikumus salam. Yaya Laminu wannan MATLAB ne, wata manhajar lissafi daban, kake tunawa wallahi. Can ne * yake matiris, in kana son ɗaya bayan ɗaya sai ka sa .* da ɗigo. NumPy ba haka yake ba

Laminu: To ai lissafi lissafi ne, alama ba ta canzawa don an canza kwamfuta

Malam Sani: Ƙanena gwada da kanka. Ka je kasuwar Dole, farashi [500, 300, 1000], adadin abin da ka saya [2, 3, 1], ka zuba kowanne cikin np.array ka ninka da *, zai ba ka [1000, 900, 1000], kowane kaya da kuɗinsa, na farko da na farko na biyu da na biyu. In jimla kake so 2900 to @ za ka sa, alamar ninkin matiris, kuma shi @ ɗin sai 2015 ya shigo da Python 3.5, da ma saboda irin wannan rikicin aka kawo shi

Ibro: Ni fa na yi [1, 2, 3] * 2 ya ba ni [1, 2, 3, 1, 2, 3] 😂 duk ku biyun kun faɗi

Hadiza: Kai Ibro wannan list ce ta Python zalla, maimaitawa take. Sa ta cikin np.array ka ga [2, 4, 6]

Laminu: Amma np.matrix fa? Shi * ɗinsa matiris yake yi, ku musa

Malam Sani: Nan ka yi gaskiya, ba musu. Sai dai masu NumPy da kansu sun ce a bar amfani da shi, kuma kai array ka ce tun farko ba matrix ba. Abin da ya fi ba ni tsoro ma, in tablo biyu duka 2 bisa 2 ne, * da @ duka za su wuce ba kuskure ba gargaɗi, amsa ce kawai za ta bambanta, ka kai wa mushe lissafin banza kana murna

Laminu: Hmm. Bari wuta ta dawo in buɗe kwamfuta, ban yarda ba tukuna

Ibro: In tsawonsu bai zo ɗaya ba fa, 3 da 4?

Hadiza: ValueError kai tsaye, wato saƙon kuskure zai ba ka