Mun yanke riɗi, wakili ya yanke mana haƙƙi

Ɗan Gadarif: Salamu alaikum jama'a. Wallahi yau zuciyata ta cika, in ban faɗa ba ciwo zai kama ni. Kwana ashirin da shida muna yankan riɗi a wani mashru'i, wato babbar gona, kudu da Gadarif a gabashin Sudan ta wajen hanyar Gallabat, tun kafin asuba muke kama lauje saboda riɗi ba ya jiran kowa, rana ta yi zafi kwanson ya fashe ƙwayar ta zube shikenan an yi asara. Ka yanka ka ɗaure ka jingina hilla, wato tarin damman da ake ƙirgawa a biya mu, bayanka kamar zai ɓalle, ƙarƙashin dami kunama ce ko maciji, ruwan sha na hafir ne, wato tafkin tara ruwan sama, wanda shanu ke shiga. Abinci garin dawa da kajek da weka, shi ma ashe rubutawa ake a cire a kuɗinka. Da aka zo lissafi wakilin mai gonar ya rage mana hilla goma sha ɗaya wai ɗaurinmu ƙanana ne, sauran kuɗin kuma wai mu jira sai an kai kaya kasuwar amfanin gona an sayar. Akwai yaro cikinmu tun kadib, wato cirar ciyawa, na watan Agusta yake wurin, zazzaɓi ya ƙi sauka, cikinsa ya kumbura, likita ya ce kala'azar ce, ko kuɗin mota ba su ba shi ba mu muka haɗa. Haka ake yi mana kowace kaka saboda mu baƙi ne ba mu da mai tsaya mana.

Abu Usama, Kasala: La haula. Allah ya ba yaron lafiya.

Jikan Burmi: Ɗana Allah ya saka maka, amma ka janye kalmar nan ta baƙi, ka janye ta yanzu. Wa ya gaya maka mu baƙi ne? Bayan Turawa sun yi wa Sarkin Musulmi Attahiru shahada a Burmi a 1903 ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kamo hanyar gabas da jama'a har bakin kogin Nilul Azraƙ a nan Sudan, garin nan kusa da Sinnar har gobe sunansa yake amsawa. Sudan sai 1956 ta samu 'yancin kai. Kabarin kakan babana yana nan, to baƙon wa?

Abu Usama, Kasala: Gaskiya ne Baba. Kun manta 2008 da jarida ta buga cewa shugaban ƙasa na lokacin Umar al-Bashir ya ce Hausawa ba 'yan Sudan ba ne? Nan Kasala da Gadarif da Bur Sudan mutane suka fito kan titi, shi ma daga baya ya ce bai faɗa ba. A kan kalmar nan aka fito, yau kuma namu ne yake rubuta ta da hannunsa.

Ɗan Gadarif: Baba ku yi haƙuri, ni maganar kuɗin aikina nake yi.

Jikan Burmi: Kuɗi ana samun wani, suna in ya ɓaci fa?

Ɗan Kambo: Da girmamawa Baba, yaron nan bai yi ƙarya ba. Ku zo Jazira ku gani da idonku. Tun da aka gama madatsar Sinnar aka buɗe mashru'in auduga a 1925 su waye suka yi cirar ciyawa da tsinkar auduga da yasar tur'a, wato magudanar ban-ruwa? Iyayenmu ne da mutanen Darfur da na Chadi, mahajjata masu tafiya Makka a ƙasa su tsaya kaka ɗaya don neman guzuri sai kaka ɗaya ta zama shekara ashirin. Kakana a kambo, wato zangon leburori na gefen gonaki, ya rasu, babana a kambo aka haife shi, ni ma haka, hawasha, wato gonar da ake ba manomi a mashru'in, ko ta fadan (kamar eka) ɗaya ba mu da ita da sunanmu, filin da ɗakinmu yake kai ma ba namu ba ne a takarda. Ruwan tur'a muke sha yaranmu na fitsarin jini, ƙauyen masu hawasha ga shi can da tanki da makaranta muna hangen fitilarsu. Ina da rakam waɗani, lambar ɗan ƙasa, a aljihu, amma wanda ya shekara ɗari ba a ba shi wurin gina ɗakin bulo ba ku gaya mini sunansa in ba baƙo ba.

Abu Usama, Kasala: Wanda aka zalunta daban, baƙo daban ya akhi.

Ɗan Kambo: A bakinka daban ne, a ofishin fili ɗaya ne.

Jikan Burmi: Ba kowa ne ya zauna a kambo ba. Mu gonakinmu na bakin kogi tun zamanin Sultan Mai Wurno muke noma su, wanda ya zo da jama'a da shugabanci aka ba shi wuri. Waɗanda suka zo ɗai-ɗai daga baya don neman kuɗi su ne suka jawo ake yi mana kuɗin goro.

Ɗan Kambo: To ga ta nan ta fito. Wato ku ne 'yan hijira mu 'yan cirani ko? Wannan raini mun daɗe da saninsa, ku je neman aure kambo mana in da gaske ɗaya muke. Ranar da aka tashi kora ba wanda ya tambayi shekarar da kakanka ya iso.

Bafillacen Sinja: Ni abin da ban gane ba kullum a ce Hausawa Hausawa. Attahiru jinin Shehu ɗan Fodiyo ne, Fulani ne suka jagoranci hijirar nan, shi ya sa ake cewa Fallata.

Abu Usama, Kasala: Fallata da ake jifanmu da ita a kasuwa kamar zagi ita kake alfahari da ita?

Bafillacen Sinja: Sunan kakannina ne, wanda ya mai da shi zagi shi ya sani. Kai da wane yare kake rubutu a nan ban hana ka ba, amma kar a shafe mu.

Ummu Hafsa: Subhanallah ku maza. Mutum ya ce an cinye masa gumi yaro na kwance, kun koma ƙirga kakanni. Ni na tsinci auduga a Managil da goyo a bayana, ƙayar kwanson ta tsattsage mini yatsu har ba na iya tuƙa asida da dare, a awo kuma a ce audugarki da datti a rage. Ba wanda ya tambaye ni Fallata ce ko Bahausa kafin ya rage. Ɗana wane asibiti yaron yake?

Ɗan Gadarif: Yana nan cikin gari Inna, an fara yi masa allurai, yayansa na tare da shi.

Mazaunin Jidda: Ku gode wa Allah ku kuna da jinsiyya, takardar zama ɗan ƙasa. Nan mutum an haife shi a Makka an haifi ubansa a Makka amma da iƙama yake yawo ana ce masa Takaruni. Ku je gonakin dabino na Ƙasim ku ga leburori 'yan Sudan da Indiya da Bangaladash cikin zafin da ba a magana, komai nasu a hannun kafili, ubangidan da ya tsaya musu. Wannan shi ne baƙunta.

Ɗan Kambo: Kai da kake rubutu ƙarƙashin mukayyif mai hura sanyi za ka koya mana zafi?

Mazaunin Jidda: Riyal ɗin da nake turowa tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 gida huɗu yake ciyarwa a Sinnar, ka iya bakinka.

Abu Usama, Kasala: Baƙi na gaskiya su ne Habashawa da ke kwararowa ta Matamma lokacin kaka, su karɓi kowane farashi, su suka karya kuɗin hilla. Bayan noman da suka yi shekara da shekaru a Fashaga, ƙasar kan iyaka da ake jayayya a kanta, har sai da sojan Sudan suka shiga a ƙarshen 2020.

Ɗan Gadarif: A'a Yaya nan kam ban yarda ba. Habashawa bakwai ne a rukuninmu, rumfa ɗaya muke kwana, akushi ɗaya muke ci, su an ma fi cutarsu don wakili ya san ba su da takarda ba za su je wurin 'yan sanda ba, ɗayansu da ya ɗaga murya aka ce za a kira masa jawazat, jami'an shige da fice. Masu mashru'i da kansu suke neman a shigo da su don riɗi yana nuna lokaci ɗaya hannu ba ya isa. A gona sunanmu ɗaya da su, jango ake ce mana duka. Abin da nake nufi da baƙi kenan, wanda za a ci kuɗinsa a kwana lafiya.

Jikan Burmi: Ka ji ko, yanzu ya haɗa mu da wanda ya tsallako iyaka jiya. Ɗana ba ka san abin da kake taɓawa ba. A 2022 a Nilul Azraƙ da me aka fara? Da cewa Hausawa baƙi ne ba su da ƙasa ba su da haƙƙin sarauta. Rusairis, Damazin, daga baya Wad al-Mahi, an ƙone gidaje an kashe mutane ɗaruruwa, ni na sauke waɗanda suka gudo a gidana mata da yara ba ko takalmi. Duk wanda ya ɗauki hoton rubutunka gobe zai ce ga shi da bakinsu sun amsa.

Ɗan Kambo: Mu ma an shiga Kambo Tayba a Janairun 2025 an kashe mutane, ban ga dogon rubutunku a kai ba Baba. Ko jinin kambo bai kai na bakin kogi ba?

Malamin Zaure: Jama'a ku ji tsoron Allah. Manzon Allah (SAW) ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, bai ce sai ɗan ƙasa ba. Kuma ya ce ka zama a duniya kamar baƙo ko mai wucewa, to dukkanmu baƙi ne.

Abu Usama, Kasala: Allah gafarta Malam wancan baƙuntar lahira ce, kar a kawo ta maganar jinsiyya.

Bafillacen Sinja: Har yanzu ba wanda ya ba ni amsa a kan Attahiru.

Ummu Hafsa: Ɗana akwai shaidu lokacin da aka ƙirga hillar? In akwai ku tafi tare wurin shehun unguwa kafin a kwashe riɗin daga gona, in aka loda mota kun rasa.

Ɗan Gadarif: An riga an kakkaɓe an zuba a buhu tun shekaranjiya Inna.

Admin, Mai Wurno: Jama'a ya isa haka, sharhi ya wuce ɗari. Ga abin da aka tsaya a kai. Mafi yawan masu magana sun yarda cewa Hausawa da Fulanin Sudan ba baƙi ba ne, kuma Baba Jikan Burmi ya kawo hujja da shekaru wadda ba wanda ya iya rushe ta. Ɗan'uwanmu na Gadarif ɓacin rai ne ya sa ya yi kuskuren lafazi, muna roƙonsa ya gyara rubutunsa ya cire kalmar. Ɗan Kambo yana da ƙorafi amma ya yi wa dattijo rashin ladabi ya kuma nemi raba kan jama'a, na goge sharhinsa biyu na ƙarshe. Maganar Fallata an ɗage ta zuwa wani lokaci. Batun kuɗin riɗi kuwa Allah ya fitar masa da haƙƙinsa, ya ba yaron lafiya. Daga yau duk wanda ya sake kiranmu baƙi a nan zan cire shi. Na rufe sharhi.