In sake karɓar aikin da kowa ke gudu?

A ɓoye sunana: Assalamu alaikum 'yan'uwa, don Allah ku ba ni shawara, kaina ya ɗaure. A kamfaninmu ba a raba aiki daga sama. Ana liƙa ayyukan kowa ya gani ya zaɓa, kuma ko sabon ɗauka yana iya ja da manaja a taro. Abin da ya kawo ni wurin ke nan, don inda na baro ba ka da bakin magana. Da na zo na tarar da bayanan kwastomomi a hargitse, mutum ɗaya a wuri uku, kowa na kau da kai. Na gyara. Daga nan rubuta bayanan taro ya zama nawa, koya wa sababbi aiki ma nawa. Da ƙarin girma ya zo, wanda muka shigo tare aka ba. Yanzu an liƙa kwashe bayanan zuwa sabuwar manhaja. Ba wanda ya taɓa, kowa ni yake kallo.

Abu Sadik: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, karɓi. Aikin da ake gudu iri biyu ne: wanda ke hana manaja barci, da wanda ba a tunawa da shi sai ranar da ba a yi ba. Kwashe bayanai irin na farko ne, don in ya lalace kamfanin ya tsaya. Rubutun taro ne ya cuce ki.

Maman Hanif: Malam, faɗa da baki sauƙi gare shi. Ni haka na yi ta ɗauka har aka kawo yaron da na koya wa aiki aka ɗora a kaina. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Binciken su Linda Babcock, masaniyar tattalin arziki a Amurka, na 2017 ma ya nuna mata aka fi roƙo irin wannan aikin da ba ya kawo ƙarin girma, kuma su suka fi cewa to. 'Yar'uwa, kada ki taɓa.

Abu Sadik: Hajiya, shi ya sa na ce iri biyu ne. Ta karɓa da sharaɗi: a rubuta ita ce shugabar aikin, a ba ta mataimaki, rubutun taro ya koma karɓa-karɓa.

Ummu Aiman: Wai kin taɓa tambayar manajan me ya sa aka tsallake ki?

A ɓoye sunana: Ban tambaya ba, ai yana ganin komai, a fili muke aiki. Kuma Yaya Abu, rubutun taron ba ɓata lokaci ba ne, ta nan na san abin da kowane sashe ke ciki. Sharaɗi kuwa ba zan iya ba, kada a ce don matsayi nake yi.

Abu Sadik: To don me kike yi? Ganin aiki daban, auna shi daban.

Maman Hanif: Nawa manajan ma ya gani, har yabo ya yi a gaban kowa.

A ɓoye sunana: Namu ba haka yake ba gaskiya, mutumin kirki ne. Gobe za a rufe zaɓen, ni dai har yanzu ban sa sunana ba.