Waɗanda suka taɓa kai samfuri sinkirotiron, me kuka tarar?

Ɗaliba mai karatun digiri na uku, Sakkwato: Assalamu alaikum, malamaina. Ina nazarin yadda siminti ke daskarewa, kuma an ba rukuninmu awa 24 a cibiyar ESRF da ke Grenoble a Faransa, mai sinkirotiron, wato babbar na'urar da ke samar da hasken eksire mai ƙarfi ƙwarai, domin mu bi sauyin ƙwayoyin ma'adinai da hasken eksire yayin da yake faruwa. Ina roƙon waɗanda suka riga ni zuwa irin wannan wuri su faɗa mini abin da suka tarar.

Malamin kimiyyar sinadarai: Wa alaikumus salam, Malama. Ni ma siminti na kai wata cibiya, kuma samfurina na farko ya tafi a banza. Na kwaɓa garin da ruwa da hannuna, na ɗora shi a na'ura, sannan muka duba ɗakin don tabbatar da babu kowa a ciki, muka kulle ƙofa, domin ba a sakin hasken sai an yi haka. Kafin mu ɗauki hoto na farko mintuna sun wuce, alhali ma'adinin etirinjait, wanda ke samuwa idan siminti ya haɗu da ruwa, a waɗannan mintunan yake fara fitowa, kuma shi ne dalilin tafiyata tun daga Sakkwato. Daga baya muka haɗa sirinji da ake sarrafawa daga waje, ruwan ya shiga bututun gilashin da garin simintin ke ciki bayan an saki hasken, sai na ga layukan da ke nuna jifsum, ma'adinin da ake haɗawa a siminti, suna dushewa a allo, na etirinjait suna tasowa. Har yau ban ga abin da ya kai wannan daɗi a aikina ba. Ki nemi irin wannan sirinjin tun kafin ki tashi.

Malama mai nazarin yumɓu: Ƙanwata, ki kula da danshi. Na niƙa garina a lokacin hunturu, iskar garinmu a bushe ƙarau, sai na yi sakaci wajen rufe kwalabe. Da na isa, wani ɓangare ya riga ya sha danshi ya dunƙule. Amma da muka dafa sauran, ma'adinin kwaz da ke ciki ya sauya tsari a daidai digiri 573 na ma'aunin Selsiyos, kuma da wannan muka tabbatar ma'aunin zafinmu daidai yake.

Injiniya daga Kalambaina: Ranki ya daɗe, ni rakiya kawai na yi, amma na lura cewa hotuna dubbai ake tarawa a dare ɗaya. Ki tafi da ma'ajiyar bayanai biyu, kuma ku raba kwana tsakaninku, domin hasken ba ya tsayawa don dare ya yi.