Jijiyar da ta yi tauri, tafiya a ƙasa na gyara ta?

Tela a Zariya:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Shekarata 54, tun ina saurayi nake kan keken ɗinki. Daga gida sai moto, daga moto sai kujera. Satin da ya wuce ciwon kai ya matsa mini, aka auna ni, tansiyo 16 bisa 10. Lokotoro ya rubuta magani, ya ce jijiyoyin jinina sun fara tauri, in riƙa tafiya a ƙasa. Abin ya tsaya mini a rai, don da haka mahaifina ya fara kafin ɓarin jikinsa ya shanye. Ko na makara?

Ma'aikaciyar jinya:
Wa alaikumus salam Baba, ba ku makara ba. Jijiyar yaro kamar sabuwar robar wando take, zuciya ta turo jini ta buɗe, ta koma. Da shekaru sai ta daina talewa, zuciya ta shiga turawa da ƙarfi. Gaskiya ba za ta koma ta ɗan shekara 20 ba. Amma cikinta akwai siririn shafi, kamar na babbar riga. In kuna tafiya da sauri jini na gogar shafin nan, sai ya fitar da sinadarin nitirik oksaid mai sa jijiya ta saki. Kan wannan sinadari aka ba masana uku kyautar Nobel a 1998. OMS, hukumar lafiya ta duniya, ta ce a motsa jiki aƙalla minti 150 a sati, wato minti 30 kwana 5. Ku yi saurin da numfashi zai ɗan hau amma kuna iya gaisawa da mutane. Don Allah kada ku bar maganin. Gishiri kada ya kai giram 5 a yini, a sa da dunƙulen magi a lissafi.

Tsohon direba:
Malam tela, ciwonmu ɗaya. Na tsufa a kujerar mota, hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya. Ɗana ya karanto mini binciken da aka yi a Landan a 1953: direbobin bas sun fi kwandastoci ciwon zuciya, don su kwandastocin yini suke hawa da sauka matakalar bas mai bene. Ni bayan sallar asuba nake fita, kafin rana ta yi zafi. Satin farko ƙwauri zai yi tsami, ka daure.

Tela a Zariya:
Allah ya saka da alheri. Yau na bar moto gida, na taka har shago, minti 25, riga jiƙe da zufa. Ɗiyata, in raba tafiyar biyu, safe da marece, ya ƙirgu?

Ma'aikaciyar jinya:
Ya ƙirgu Baba. Amma in kun ji ƙirji ya ɗaure ko jiri, ku tsaya, ku je a duba ku ranar.