Muhawarar zauren dangi: jaruma ce ko mai ganganci?

Auta (Katsina): Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Raina a ɓace yake tun ranar Juma'a da aka ce in bar maganar shiga makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya, wai ba aikin 'ya mace ba ne, in riƙe karatuna na haɗa magunguna. To, ga Svetlana Kapanina ta Rasha, wadda aka haifa a Kazakhstan a 1968. Ita ma haɗa magunguna ta karanta, ta fara tuƙa jirgi a 1988, kuma sau 7 tana zama gwarzuwar mata ta duniya a gasar jujjuya jirgi a sararin samaniya, na farko a 1996. Idan wannan jaruma ta iya haka, me ya sa za a ce jirgin fasinja ya fi ƙarfina?

Kawu (Daura): Wa alaikumus salam. 'Yata, ki janye kalmar jaruma, domin ta fi ƙarfin wannan baiwar Allah. Mu a Daura mun san jarumta: Bayajida ya sare kan macijin rijiyar Kusugu, mutanen da ba sa ɗibar ruwa sai ranar Juma'a suka koma sha kullum. Wa ya amfana don mace ta kifa jirgi, kanta a ƙasa ƙafafunta a sama? Wannan ganganci ne da ran da Allah ya ba ta amana.

Goggo (Katsina): Alhaji, da ka kawo zancen Kusugu, sai ka cika shi, ka faɗa wa yarinyar cewa wadda ke mulkin garin a lokacin mace ce, Daurama. Ban ga dalilin da Daurawa za su yi tinƙaho da sarauniya da safe, da yamma kuma su ce mace ba ta jarumta ba.

Kawu (Daura): Hajiya, ban ce mace ba ta jarumta ba, kada a ɗora mini abin da ban faɗa ba. Kuma ba yau kuka fara ba, duk maganar da ta fito daga Daura sai kun nemi inda za ku soke ta, tun rabon ɗawainiyar bikin bara.

Yaya Injiniya (Katsina): Kawu, Allah ya huci zuciyarka, amma kalmar ganganci ma ba ta dace ba. Mai ganganci ba ya lissafi, ita kuwa wannan gasa gaba ɗayanta lissafi ce. Ana yin ta ne cikin wani fili na sama da aka auna, mita 1,000 ta kowane gefe, alƙalai suna zaune a ƙasa suna ba kowane juyi maki daga 0 zuwa 10, kuma karkacewa kaɗan tana rage maki. Idan matuƙiya ta ja jirgin sama da ƙarfi, nauyin jikinta kan ninka har sau takwas ko fiye, jini ya gudu daga kai ya taru a ƙafafu, ido ya fara dishi-dishi, sai ta ɗaure cikinta da cinyoyinta tamau don kada ta suma, alhali hannunta na kan sandar tuƙi. Wanda bai horar da jikinsa shekara da shekaru ba, ba zai jure wannan ba.

Baffa (Katsina): Ni damuwata ita ce kalmar ta riga ta lalace a bakin yaran zamani, waɗanda duk wadda ta fito a fim suke ce mata jaruma. Iyayenmu gwarzon fagen fama kaɗai suke kira da wannan suna.

Goggo (Katsina): Yaya, ai macen da ta yi naƙudar kwana biyu ma ta ga fagen fama. Shi kuwa bikin bara, Alhaji, a tambayi wanda ya biya kuɗin rumfa da kujeru.

Kawu (Daura): Buhun shinkafa huɗu daga gidana suka fita, kuma akwai shaidu.

Auta (Katsina): Don Allah iyayena, ba wanda ya amsa mini tambayata. Kyaftin Chinyere Kalu mace ce, kuma ta shugabanci ita wannan makaranta ta Zariya da nake magana.

Yaya Babba (Katsina): A matsayina na mai kula da wannan zaure, zan taƙaita. Abin da na fahimta shi ne manya sun fi karkata ga cewa kalmar jaruma ba ta dace da mai wasa da jirgi ba, kuma hujjar Kawu ta amfanin jama'a ita ce mafi ƙarfi. Bayanin Injiniya ma, a ganina, ƙara nuna haɗarin abin ya yi, tunda shi da kansa ya ambaci suma. Zancen biki a bar shi sai an haɗu da Sallah. Ke kuma Auta, ki ƙarasa shekarar da ta rage miki ki karɓo takardarki, sannan a zauna da Baba. Na rufe maganar a nan.