Koren shayi ko baƙi: wanne ya fi amfani ga jiki?

Hajiya Rabi: Salamu alaikum. Ni dai na bar Lipton tun bayan azumi. Koren shayi ne magani, yana narkar da teɓa. Baƙin kam ruwan zafi ne mai launi kawai.

Malam Isa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ai bishiya ɗaya ce, irin wadda ake nomawa a tsaunin Mambila. Koren, da an tsinko shi ake turara shi ko a gasa, shi ya sa bai rine ba. Baƙin kuwa murza shi ake yi, a bar shi ya sha iska har ya yi duhu.

Hajiya Rabi: To ai shan iskar nan ne ke kashe amfanin, Malam.

Zainab: Anti, ba ya kashewa, sauya shi yake yi. Gaskiya ne EGCG, wato sinadarin ganyen shayi da ake yabon koren saboda shi, ya fi yawa a kore. Amma a Birtaniya an bibiyi mutum kusan 500,000, yawancinsu baƙi suke sha. Sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna masu shan kofi biyu ko fiye na shayi a rana, haɗarin mutuwarsu ya ragu da kashi 9 zuwa 13 cikin 100 idan aka kwatanta da marasa sha. Ba a ce shayin kaɗai ne sanadi ba, amma ba za a kira shi ruwan banza ba. Batun teɓa kuwa, abin da koren ke ragewa bai taka kara ya karya ba.

Abdu Damagaram: Hajiya, mu nan ataya muke sha, koren shayin Sin ne, dahuwa uku a zama ɗaya. Mahaifinmu ya fi shekara 30 yana sha, ciwon suga bai ƙyale shi ba. Har yau ina tuna yawan sukarin da ake zubawa a butar nan, raina ya ɓaci.

Malam Isa: Allah ya ba shi lafiya. Haka teburin mai shayi yake a nan, madarar gwangwani da sukari cokali huɗu.

Hajiya Rabi: Amin. Ni ba na sa sukari, har ƙwayoyin koren shayi na saya.

Zainab: Ƙwayoyin ne ke tayar min da hankali, Anti. A 2018 hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta yi gargaɗi cewa miligiram 800 na EGCG a rana ta hanyar ƙwaya na iya taɓa hanta. Sannan kore da baƙi duk suna rage sinadarin ƙarfen da jiki ke tsotsa daga wake da ganye. Ina ganin masu juna biyu da ƙarancin jini a wurin awo, kuma da shayi suke kora abinci.

Hajiya Rabi: Ƙwayoyin na ajiye, amma korena ina nan da shi. Sai yaushe zan sha bayan tuwo?

Zainab: Ki ba shi ko da awa ɗaya, Anti.