Wai me ya sa abincin kakanninmu ya koma abin kunya a Damagaram?

Maman Biyu, Birni:

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni, amma sai na ɗan yi shimfiɗa, ku yi haƙuri da ni.

Ni malamar makarantar firamare ce. Akwai wata baiwar Allah da muka taɓa aiki tare a wani shirin ciyar da yara, haihuwar Kalifoniya ce a Amurka, iyayenta kuma mutanen karkarar Meziko ne. Ta koma gida tuntuni, muna dai gaisawa ta WhatsApp. Kwanan baya na kai mata ƙarar iyayen ɗalibaina: ana ta faɗa musu a ba yaro koko da ƙosai ko ɗanwake kafin ya fito, su kuwa sai su danƙa masa kuɗi, ya tsaya bakin ƙofar makaranta ya sayi biskit da ruwan zaƙi na leda. Na zaci za ta taya ni faɗa. Ina! Cewa ta yi in sassauta wa uwayen nan, irin faɗan da aka yi wa mahaifiyarta ke nan shekara da shekaru, kuma bai gyara komai ba.

Ta ce kakarta a kan masara da wake da kabewa ta rayu, ukun a gona ɗaya: wake ya hau karan masara, kabewa ta shimfiɗa ganye ta riƙe wa ƙasa laima. Masarar ma ba haka nan suke niƙa ta ba. Sai an dafa ta da ruwan farar ƙasa ko na toka, ta kwana a ciki, a wanke, sannan a markaɗa. Wannan ne ke sakin sinadarin niyasin, wani bitamin da ke ƙunshe cikin ƙwayar. Turawan da suka kai masara ƙasashensu ba su ɗauki dabarar ba, shi ya sa cutar felagira, wadda rashin wannan sinadari ke kawowa, ta daɗe tana cin talakawan Italiya da na jihohin kudancin Amurka masu dogaro da masara zalla. Tsofaffin mata marasa boko sun riga likitoci sani ke nan.

Sai a 1994 aka fara aiki da yarjejeniyar ciniki ta NAFTA tsakanin Meziko da Amurka da Kanada. Masarar Amurka mai tallafin gwamnati ta cika kasuwa, ƙananan manoma da yawa suka kasa, suka bar gona suka nufi birni ko suka tsallaka iyaka. Can kuma abin da ke kusa da hannu, mai arha, shi ne lemon kwalba da kayan leda. Da ciwon suga ya kama mahaifiyarta, abin da aka fara ce mata shi ne ta rabu da abincin gargajiyarsu, sai ka ce waken ne ya yi laifi.

Wallahi tana magana ina hango gonar mahaifina a wajen Miriya: hatsi da wake a kunya ɗaya, yakuwa a kan iyaka. Yau kuwa idan baƙo ya zo ka ajiye masa tuwon hatsi miyar kuka, gobe sai ka ji an ce gidan wane babu. Dole sai shinkafa ko taliya. Yarinya a ajina ta ɓoye dambun zogalen da aka zubo mata don kada a yi mata dariya.

To tambayata: laifin wa ne? Uwayen ne, ko kasuwa ce, ko mu masu wa'azin? Kuma akwai abin da za mu iya ɗauka daga wajen waɗancan mutane da zai yi aiki a nan?

Baba Mai Zoɓo, Dungas:

Wa alaikumus salam Malama. Kin taɓo inda nake. Sana'ata ke nan, ina tara busasshen zoɓo a ƙauyuka in kai kasuwar Maigatari. Daga can ya wuce Kano, ya wuce Legas, ya hau jirgin ruwa, kuma mutanen ƙawar taki suna cikin manyan masu saye. Suna jiƙa shi su sha kamar yadda muke yi, har tsamiya ma suna sha. Mu mu noma, mu tsinke, mu shanya, mu ɗura a buhu mu tura musu, jikokina kuma su sha garin lemo mai launi da ba wanda ya san da me aka yi shi.

Amma ni ba kunya nake gani ba, bashi nake gani. Manomi da kaka ga biki, ga mai bin sa kuɗin taki, sai ya fitar da hatsi da wake lokacin da tiya ta fi arha. Da bazara ya dawo ya sayi nasa hatsin da tsada a hannun wanda ya ɓoye. Wanda ya ga yunwar 2005 ya san abin da nake faɗa: hatsi na nan a kasuwa, kuɗin saye ne babu. Idan ana son a ci na gida, a fara da bankin hatsi na gari wanda zai riƙe wa talaka abinsa har damina.

Ƴar Zango:

Yaya Malama, Baba, ku gafarce ni, akwai abin da ba ku ambata ba: hannun wa zai yi aikin? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kafin tuwon hatsi ya hau faifai sai an yi sussuka, an sheƙe, an surfa, an wanke, an kai inji, an tankaɗe, an tsaya kan murhu ana tuƙi. Ga tsadar itace. Ga ruwa, wanda duk ɗan Damagaram ya san yadda ake yi da shi idan zafi ya shigo, sai ka kwana kana jiran famfo ko ka bi ƴan garuwa. Taliya kuwa kafin yaro ya gama kuka ta nuna. Ni ina fita tun safe ina ɗinki, ba na dawowa sai la'asar. Duk mai yabon tuwon kakarsa, a tambaye shi yaushe rabonsa da taɓarya.

Yaya, ki tambayi ƙawarki awa nawa kakarta ke yi durƙushe a kan dutsen niƙa kafin inji ya iso ƙauyensu. Ni abin da ya burge ni daga wancan yanki na Latin Amurka shi ne na matan unguwannin talakawa na Lima a Peru. Tun ƙarshen shekarun 1970 suka fara haɗa tukunya: su sayi kaya a dunƙule, su yi girki bi da bi, kowane gida ya zo ya ɗiba da kuɗi kaɗan. Mu da muka iya adashi, wannan ba zai gagare mu ba.

Wani Ma'aikacin Lafiya, Sabon Gari:

Malama, a taƙaice zan yi. Su can ba a wa'azi suka tsaya ba, doka suka yi. A 2014 Meziko ta ɗora harajin feso ɗaya, kuɗin ƙasar, a kan kowace lita ta lemon zaƙi. Chile ta fara sa baƙin tambarin gargaɗi a jikin kayan da suga ko gishiri ko maiƙo ya yi wa yawa a 2016, Meziko ta bi sahu a 2020, kuma a shekarar ce jihar Wahaka da ke Meziko ta hana sayar wa yara irin waɗannan kaya.

Sai dai kada mu ruɗi kanmu. Abin da ya fi cika mana ɗakin yara har yanzu tamowa ce, ciwon suga da hawan jini kuma suna shigowa ta ɗaya ƙofar. Sannan na gida ma ba duka ne lafiya ba. Zoɓon da aka juye wa rabin kwanon suga bai fi lemon kwalba da komai ba, haka furar da ake sha kamar zuma. Alkakinmu da muke alfahari da shi na ranar biki ne. Roƙo ɗaya: kada wata ta karanta zancen masara ta je ta zuba farar ƙasar shafen ɗaki ko ta tula kanwa a tukunya. Tasu ta abinci ce, da awonta.

Ɗan Kabu-kabu:

Ni dai ban ga abin da ya haɗa mu da Meziko ba. Kowa ya ci abin da aljihunsa ya ba shi. A bar talaka ya huta.

Maman Biyu, Birni:

Ƙanena mai babur, ai aljihun ne ake magana a kai, wa ya sa ya zama haka. Kuma zancen bai yi nisa da mu kamar yadda kake zato ba. Ƙungiyar manoma ta duniya, La Via Campesina, wadda manoman wancan yanki na cikin waɗanda suka kafa ta a 1993, tana cikin masu shirya babban taron nan na 2007 a kan ƴancin kowace al'umma ta riƙe ragamar abincinta, kuma a nan Mali maƙwabciyarmu aka yi shi, a Selenge.

Ƴar Zango, na tura mata tambayarki. Ta yi dariya ta ce kakarta tun kafin asuba take tashi niƙa, kuma ranar da inji ya zo ba wadda ta yi kukan rabuwa da dutse. Saboda haka na karɓi maganarki ɗari bisa ɗari.

Likita, a kan tambarin gargaɗi ne ban gamsu ba. Abin da ɗalibaina ke sha a leda ake ƙulla shi a cikin gida, ba suna ba takarda, ina za a manna tambarin? Kuma masu sayarwar nan na bakin ƙofa uwayen wasu ɗaliban ne, da ribar suke sayen alli da littafi. In na kore su na kashe wani gida.

Abin da ya fi kwanta mini shi ne na Burazil. A 2009 suka yi doka cewa aƙalla kashi 30 cikin 100 na kuɗin da gwamnatin tarayya ke bayarwa don ciyar da ɗalibai sai an sayi kaya da shi daga ƙananan manoma. Ku duba mana: ga lambunan Miriya, ga na Gidimuni, ga wake da gujiya na Matamai da Magarya, ga kamfanin Sahara Sahel Foods a cikin garin nan suna sarrafa anza da aduwa da magarya. Da makarantu masu ciyarwa za su riƙa saye a hannun waɗannan kai tsaye, da manomin Baba ya san mai sayensa tun kafin ya yi shuka.

Doka dai ba a hannuna take ba. Wanda ke hannuna shi ne taron iyayen yara mai zuwa, kuma ina so in zauna da matan bakin ƙofa a ga ko za su koma ƙosai da ɗanwake da zoɓo mai ɗan suga kaɗan ba tare da ribarsu ta faɗi ba. Baba, nawa tiyar zoɓo take a wajenku yanzu idan an saya kafin ta tsallaka Maigatari? Ƴar Zango, in kin san ƙungiyar mata da ke sayar da surfaffen hatsi ko garin ɗanwake haɗaɗɗe, ki yi mini kwatance.